Giovanni Alfonso Borelli

Giovanni Alfonso Borelli (an haife shi ranar 28 ga watan Janairu, 1608, ya mutu ranar 31 ga watan Disamba, 1679) masanin lissafi ne da ilimin taurari da ilimin aikin gaɓoɓin jiki, ɗan ƙasar Italiya. An fi saninsa da littafinsa mai suna De Motu Animalium, ma'ana bayani a kan motsin dabbobi, wanda aka buga kashi biyu a birnin Roma a shekarun 1680 da 1681, bayan mutuwarsa. A cikin wannan littafi ya yi nazarin tsayuwa da tafiya da gudu da tsallen ɗan Adam ta hanyar awo da lissafi, ya nuna cewa ƙasusuwa da tsokoki suna bin ƙa'idojin nauyi da ƙarfi irin waɗanda sikeli da injuna suke bi. Saboda haka ake kiransa uban bayomakanik, wato ilimin ƙarfi da motsi a jikin masu rai. Likitocin ƙashi da na gashin ƙashi da masu ƙera ƙafar roba suna amfani da ƙa'idojin da ya kafa wajen gane dalilin ɗingishi da sauran nau'o'in tafiyar da ta saɓa wa al'ada.

Asali da karatu

An haifi Borelli a birnin Napoli da ke kudancin Italiya. A wancan zamani Italiya ba dunƙulalliyar ƙasa ba ce, masarautu ne da birane daban-daban, kuma Napoli da tsibirin Sisili suna ƙarƙashin mulkin sarkin Sifaniya. Mahaifinsa, Miguel Alonso, sojan Sifaniya ne da ke aiki a Napoli. Mahaifiyarsa kuwa, Laura Porrello, 'yar ƙasar ce. Sunan da aka raɗa masa shi ne Giovanni Francesco Antonio, daga baya ne ya ɗauki sunan da duniya ta san shi da shi.

Yana saurayi ya tafi Roma, ya yi karatun lissafi a wurin Benedetto Castelli, almajirin Galileo Galilei, wanda ya yi suna a nazarin gudanar ruwa. Cikin ɗaliban Castelli har da Evangelista Torricelli, wanda daga baya ya ƙirƙiro ma'aunin nauyin iska. A hannun wannan malami Borelli ya gaji hanyar binciken Galileo, wadda ta ginu a kan gwaji da awo da lissafi, kuma ita ya bi har ƙarshen rayuwarsa.

Koyarwa a Messina

A cikin shekarun 1630 Borelli ya samu aikin koyar da lissafi a jami'ar Messina da ke Sisili. Mahukuntan birnin sun yarda da shi ƙwarai, har suka tura shi zagayen manyan biranen Italiya domin ya nemo wa jami'ar ƙwararrun malamai.

A shekarun 1647 da 1648 annobar zazzaɓi ta auka wa Sisili, ta kashe mutane da yawa. Borelli ya bi diddigin cutar, ya wallafa sakamakon bincikensa a 1649. Ya ƙi amincewa da ra'ayin da ya yaɗu a lokacin, cewa motsin taurari ne ya jawo annobar. A ganinsa wani abu ne daga waje yake shiga jikin mutum ya lalata shi. Wannan shi ne karo na farko da malamin lissafin ya tsoma hannu a harkar likitanci.

Zamansa a Pisa

A 1656 aka ba shi kujerar farfesan lissafi a jami'ar Pisa da ke yankin Toskana, kujerar da Galileo da kansa ya taɓa riƙewa. A shekarar ce kuma wani matashin likita, Marcello Malpighi, ya zo Pisa domin koyarwa. Abokantakar da ta ƙullu tsakaninsu ta amfani kowannensu. Malpighi ya ƙara wa Borelli sha'awar fiɗar jiki, shi kuma ya koya wa Malpighi tsarin gwaji. Borelli ya mai da wani sashe na gidansa ɗakin fiɗa, inda ake feɗe kifaye da tsuntsaye da sauran dabbobi, ana auna tsayin ƙashi da kaurin tsoka. Lokacin da Malpighi ya gano ƙananan hanyoyin jini a huhun kwaɗo a 1661, a cikin wasiƙun da ya rubuta wa Borelli ya bayyana binciken. Cikin ɗaliban Borelli akwai Lorenzo Bellini, wanda ya yi suna a binciken ƙoda.

Borelli yana cikin jigogin ƙungiyar masana mai suna Accademia del Cimento, wadda Yarima Leopoldo na gidan sarautar Medici ya kafa a birnin Firenze a 1657 domin gudanar da gwaje-gwaje. Shi da Vincenzo Viviani sun auna saurin tafiyar sauti, suka samu kusan mita 350 a cikin daƙiƙa ɗaya, adadin da bai yi nisa da na yau ba. An san shi da zafin rai da yawan jayayya, kuma ya sha saɓawa da abokan aikinsa, har da Viviani.

A fagen lissafi, ya sake tsara littafin Euclid ya fitar da shi a 1658. Ya kuma gano muhimmancin wani rubutun Larabci da ke ɗakin karatun gidan Medici, mai ɗauke da kashi na biyar zuwa na bakwai na littafin Apollonius a kan lanƙwasassun layuka. Asalin waɗannan sassa na harshen Girka ya ɓace, fassarar malaman duniyar Musulunci ce ta adana su. Borelli bai iya Larabci ba, sai ya haɗa kai da Ibrahim al-Haqilani, malami Kirista ɗan Labanan, suka fassara su zuwa Latin aka buga a 1661.

A fagen taurari, ya bi sawun tauraro mai wutsiya da ya bayyana a ƙarshen 1664, ya ce a lanƙwashe yake tafiya. Ya buga wannan bayani da sunan aro. A 1666 ya fitar da littafi a kan watannin da ke zagaya duniyar Mushtari, inda ya ce zagayensu ya samo asali ne daga daidaito tsakanin ƙarfin da ke jan su ciki da wanda ke tura su waje. Isaac Newton ya ambaci sunansa a rubuce-rubucensa a kan wannan batu.

Komawa Sisili da gudun hijira

Borelli ya bar Pisa a 1667 ya koma Messina. A shekarar ya wallafa littafi a kan ƙarfin karo tsakanin abubuwa, a 1670 kuma wani a kan motsin da nauyi ke haifarwa. Ya ɗauki waɗannan biyun a matsayin share fage ga babban aikinsa na motsin dabbobi. Da dutsen Etna ya yi aman wuta a 1669, har narkakken dutse ya kai birnin Catania, Borelli ya yi nazarin abin da ya faru ya rubuta littafi a kai a 1670. Ana lissafa shi cikin rubuce-rubucen farko na kimiyya a kan duwatsu masu aman wuta.

Siyasa ce ta raba shi da Sisili. Manyan Messina sun kasu gida biyu, masu goyon bayan mulkin Sifaniya da masu neman 'yancin birnin, kuma Borelli yana tare da na biyun. A 1672 hukumomi suka ayyana shi ɗan tawaye, dole ya tsere daga tsibirin ya bar dukiyarsa. Ya ƙare a Roma, inda ya samu inuwa a wurin Christina, tsohuwar sarauniyar Suwidin da ta sauka daga gadon sarauta a 1654 ta tare a birnin, tana tara masana a fadarta.

Ƙarshen rayuwa da mutuwa

Shekarunsa na ƙarshe cikin talauci ya yi su. Wani baransa ya sace ɗan abin da ya rage masa, sai a 1677 ya koma zama a gidan wata ƙungiyar limaman Katolika masu koyarwa da ke San Pantaleo a Roma, yana koya wa ɗalibansu lissafi. A nan ya ci gaba da gyaran littafin da ya shafe fiye da shekara 20 yana aiki a kansa. Sarauniya Christina ta ɗauki nauyin bugawa, shi kuma ya sadaukar mata da littafin. Ya mutu ranar 31 ga watan Disamba, 1679, yana da shekara 71, bai ga fitowar littafin ba. Limaman da suka ba shi masauki ne suka kula da aikin ɗab'in har ya kammala.

Littafin motsin dabbobi

Kashi na farko na De Motu Animalium ya tattauna motsin da ido ke gani: tsayuwa, tafiya, tsalle, tashin tsuntsaye da iyon kifaye. Kashi na biyu ya duba motsin cikin jiki, kamar bugun zuciya da numfashi da aikin tsoka. Borelli ya yi duk lissafinsa tun kafin Newton ya wallafa dokokin motsi a 1687.

Ƙashi a matsayin liba

Tushen littafin shi ne cewa ƙashi liba ne, wato irin sandar da ake tokarawa a kan ƙaramin dutse don a ɗaga babba. Mahaɗar ƙashi ita ce matokara, tsoka kuma ita ce mai ja. Kafin Borelli, masana sun ɗauka cewa jiki yana ɗaga abu mai nauyi da ɗan ƙaramin ƙarfi. Borelli ya nuna akasin haka ne ke faruwa. Yawancin tsokoki suna manne da ƙashi dab da mahaɗa, kayan da ake ɗauka kuwa suna can nesa a ƙarshen gaɓar.

Misali, idan tsokar damtse tana manne da ƙashi santimita 5 daga gwiwar hannu, tafin hannu kuma yana da nisan santimita 35, to mai riƙe da kaya na kilo 5 sai tsokarsa ta yi jan da ya kai na kilo 35, ninki bakwai ke nan, ban da nauyin hannun kansa. Ribar wannan tsari ita ce sauri da faɗin motsi. Da tsoka ta ɗan takure kaɗan, sai hannu ko ƙafa ta yi tafiya mai nisa. Daga nan ya gano cewa nauyin da mahaɗun ƙashi suke ɗauka ya ninka nauyin abin da mutum ya ɗauka sau da yawa. Ya yi irin wannan lissafi a kan gwiwa da ƙashin bayan ɗan dako mai ɗauke da kaya.

Cibiyar nauyi da tsayuwa

Borelli ne ya fara auna cibiyar nauyin jikin mutum ta hanyar gwaji. Ya kwantar da mutum a kan katako, ya ɗora katakon a kan wani abu mai tsini, ya yi ta matsar da shi har ya daidaita bai rinjaya ko'ina ba. Ya samu cibiyar tsakanin mazaunai da mara. Awon zamani ya tabbatar tana cikin ƙugu, a gaban ƙasan ƙashin baya, kimanin kashi 55 cikin 100 na tsawon mutum daga ƙasa.

Ya bayyana cewa mutum zai ci gaba da tsayuwa muddin layin da ya sauko daga wannan cibiya ya faɗa cikin filin da tafin ƙafafunsa suka kewaye. Da layin ya fita, sai faɗuwa ko ɗaga ƙafa. Wannan ne dalilin da mai goyo ke ɗan sunkuyawa gaba, mai ɗauke da bokitin ruwa a hannu ɗaya kuma yake karkata ɗaya ɓarin.

Tafiya

A bayanin Borelli, tafiya ita ce tura cibiyar nauyi gaba har ta wuce inda ƙafa take, sannan a kawo ɗaya ƙafar ta tare jiki kafin ya faɗi. Ƙafar baya tana miƙewa ta tunkuɗa ƙasa, diddige ya ɗaga, nauyi ya koma kan ta gaba. A tafiya kullum akwai ƙafa ɗaya aƙalla a ƙasa, wannan ne ya bambanta ta da gudu.

Ya kuma nuna cewa mutum ba ya tafiya a miƙe sak. Ya kafa sanduna biyu a layi ɗaya da tazara tsakaninsu, ya nufe su yana ƙoƙarin ta kusa ta ci gaba da rufe ta nesa. Da kowane taku sai ta nesa ta leƙo, wani lokaci ta dama, wani lokaci ta hagu. Ya fahimci cewa jiki yana rangaji gefe da gefe saboda nauyi yana komawa kan ƙafar da ke ƙasa.

Sauran binciken da kurakuransa

Ya bayyana yadda tsuntsu ke barci a kan reshe ba tare da ya faɗo ba, saboda jijiyoyin ƙafarsa suna damƙe yatsun da kansu idan ya durƙusa. Ya nuna cewa wutsiya ce ke tura kifi gaba. Ya kwatanta tsokar ƙirjin tsuntsu da ta mutum, ya yanke hukuncin cewa ɗan Adam ba zai iya tashi da fukafukan da ya ɗaura a hannu ba. Ya auna zafin zuciyar wata dabbar dawa, ya ga bai wuce na sauran kayan ciki ba, abin da ya rushe tsohon ra'ayin cewa zuciya murhun jiki ce. Ya ɗauke ta a matsayin famfo.

Ya yi kuskure a wasu wurare. Ya zaci wani ruwa ne ke gangarowa ta jijiyoyi ya haɗu da jini a cikin tsoka, ta kumbura ta takure. Ƙiyasin da ya yi na ƙarfin zuciya ma ya zarce gaskiya nesa ba kusa ba.

Tasirinsa a nazarin tafiya

Waɗanda suka biyo bayansa sun ɗora a kan harsashinsa da sababbin kayan aiki. A 1836 'yan'uwa biyu Jamusawa, Wilhelm da Eduard Weber, suka wallafa littafi a kan tafiyar mutum, suka kwatanta ƙafar da ke sama da lilo. Étienne-Jules Marey a Faransa da Eadweard Muybridge a Amurka sun yi amfani da hotuna a jere a shekarun 1880, kuma hotunan Muybridge sun haɗa da na marasa lafiya masu matsalar tafiya. Wilhelm Braune da Otto Fischer sun lissafa motsin tafiya ta kowace fuska a aikin da aka buga daga 1895 zuwa 1904. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Verne Inman da abokan aikinsa a Kalifoniya suka zurfafa binciken domin ƙera wa sojojin da suka rasa ƙafa ƙafafun roba. A yau an san cewa kowace ƙafa tana yin kusan kashi 60 cikin 100 na zagayen taku a ƙasa, kashi 40 a sama.

Tafiyar da ta saɓa wa al'ada

Ƙa'idojin liba da cibiyar nauyi su ne suke bayyana yawancin nau'o'in ɗingishi, domin kowanne dabara ce da jiki ke yi don kada ya faɗi ko don ya rage zafi.

Idan mutum ya tsaya a ƙafa ɗaya, tsokokin gefen ƙugu na wannan ɓarin ne suke riƙe ƙugun kada ya karkata. Da yake suna kusa da mahaɗa, sai sun yi ja mai tsanani, har nauyin da ke kan mahaɗar ya kai ninki biyu da rabi zuwa uku na nauyin jiki. Idan suka yi rauni, ƙugu yakan faɗa ɗaya ɓarin, mutum ya riƙa jefa gangar jikinsa kan ƙafar mai rauni. Likitan fiɗa Bajamushe Friedrich Trendelenburg ya bayyana wannan a 1895, kuma da sunansa ake kiran tafiyar. Lissafin ne kuma ya sa likitoci suke cewa a riƙe sanda a hannun da ke ɓarin ƙafa mai lafiya, saboda nisanta daga mahaɗar da ke ciwo yana rage aikin tsokokin.

Mai ciwo a ƙafa yakan gajarta lokacin da take ƙasa, ya yi saurin komawa kan mai lafiya. Wanda tsokar gaban cinyarsa ta shanye, kamar yadda shan inna ke yi, yakan dafa cinya da hannu ko ya sunkuya gaba, domin layin nauyi ya bi ta gaban gwiwa ya hana ta lanƙwashewa. Wanda tafin ƙafarsa ke reto saboda lalacewar jijiya, sanadiyyar kuturta ko allurar da aka yi ba daidai ba a mazaunai, yakan ɗaga gwiwa sama sosai don kada yatsu su ja ƙasa. Mai shanyewar ɓarin jiki yakan zagayo da ƙafar da ta sandare ta gefe. Mai cutar da James Parkinson ya bayyana a 1817 yana tafiya a sunkuye da gajerun taku masu sauri, kamar yana bin cibiyar nauyinsa. Wanda sashen ƙwaƙwalwarsa mai kula da daidaito ya samu matsala yakan wara ƙafafu don faɗaɗa filin tsayuwa.

A arewacin Najeriya ana yawan ganin wasu daga cikin waɗannan a jikin mutanen da shan inna ya taɓa tun suna yara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da kawar da asalin ƙwayar cutar daga nahiyar Afirka a watan Agusta na 2020, amma waɗanda ta riga ta naƙasa suna buƙatar takalmin ƙarfe da sanduna da gashi, a cibiyoyi irin su Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano. Ana tsara waɗannan kayan taimako ne bisa lissafin inda layin nauyi ke bi ta gwiwa da idon sawu.

Tunawa da shi

An sake buga De Motu Animalium sau da dama a Turai bayan mutuwarsa, kuma ya zama ginshiƙin mazhabar likitocin da suke fassara aikin jiki da ƙa'idojin injuna. Likitan ƙashi Paul Maquet ya fassara shi zuwa Ingilishi a 1989. Ƙungiyar masana bayomakanik ta Amurka tana ba da babbar lambar yabonta da sunan Borelli a kowace shekara.